Yatsu Huɗu a Kafaɗar Abdussalam

Mallawa, 4 ga Nuwamba

Nazifa, jikar yayana,

Yau zan yi rashin ladabin da ban taɓa koya wa ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko, ba, zan sa magana gaban gaisuwa. Wani zance na ji, na ƙaryata shi, amma ya ƙi barin kaina. Tabawa maƙwabciyarmu ce ta tsaya a bakin zaure ta faɗa mini, da ƙarfi saboda nauyin kunnena, har masu alwala a ƙofar masallaci suka samu rabonsu. Wai an ga Sambo a kasuwa an ƙunsa daddawa da shi. Na ce, Sambo dai Bafillace, dogon nan? Daddawar garin nan duka ba ta cika shi. Ta ce hotonsa take nufi, yana tsaye, ga rami a gefensa, kuma an yanke masa hannu. Na ce, Tabawa, ba ke kika ga kura a bayan asibiti ba, aka fita da sanduna aka tarar jakin mai ruwa ne? Ta yi fushi ta tafi.

To, yanzu gaisuwa. Ina fatan kina lafiya, da aikin fotokopi, da zafin Yamai. Mu nan alhamdu lillahi. An gama ɗaurin hatsi, wake ya yi dama-dama. Matata Asabe na gaishe ki, idonta dai kullum hazo yake ƙarawa. Gwiwata kuwa ta zama malamin ruwa, tana faɗin sanyi kwana biyu kafin ya zo.

Katunan da kika yi na sadakar arba'in ɗin kakanki Abdussalam har yau ana zancensu. Da kika ce za ki yi, na ɗauka bidi'ar birni ce. Sai ga su, kowane da 'yar ƙafarsa a baya yana tsayawa da kansa, furanni kewaye da fuskar marigayi. Nawa yana kan akwati, kullum da safe muna gaisawa.

Kin bar garin nan kina ƙarama, bari in tuna miki Sambo. Shekara arba'in ke nan, duk kaka in an saki gonaki, shanunsa a gonarmu ta jigawa suke kwana. Su ci kara, su bar mana taki, mu ba shi dammunan hatsi. Ba takarda, ba shaida. Shi da kakanki suka ƙulla, ni na tarar. Ke kin san jigawar nan, in babu taki ko tsuntsu ba ya tsayawa a kanta.

Abin da ya hana ni sakewa shi ne, hoton Sambo ɗaya ne a duniya, wanda suka ɗauka shi da kakanki a Dungas wata sallar layya. Kuma ke kika tafi da shi bayan zaman makoki. Ban ce kin yi wani abu ba. Tambaya ce: hoton yana nan lafiya?

Kada ki kira ni a wayar salula. Sai an samu mai maimaita mini, kuma wannan magana ba ta shiga bakin kowa. Ki ba direban motar Magariya amsa.

Kakanki,
Manzo

Yamai, 12 ga Nuwamba

Kaka Manzo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. A gaida Iya Asabe, a ce ta daina hura wuta da kanta, hayaƙi ne ke ƙara mata ciwon ido. Ni lafiya lau, sai aiki. Watan nan bukukuwa sun yi yawa, katin aure uku ke gabana da na suna biyu.

Kaka, ka ba ni dariya. Tun yaushe ka fara sauraron Tabawa? Hoto yana nan cikin littafi, ko ƙura ba ta taɓa shi ba. Ban taɓa sa wa na asali ƙarfe ba, ni ba mahaukaciya ba ce.

Bari in gaya maka yadda ake yi, tunda malamin lakwal ba ya yarda sai an yi masa bayani. Ina da ɗan inji mai hannu, kamar na murza taliya. Akwai ƙarafa sirara masu kaifin baki, kowane da siffarsa: fure, ganye, tauraro, ƙwai. Sai a ɗora ƙarfe a kan takarda, a haɗa su tsakanin faranti biyu, a murza. Ya fito ya yanke tsaf, ba almakashi. Na buga hoton sau arba'in a wurin aiki, na ɗora ƙarfen ƙwai a kan Kaka Abdussalam daga hula zuwa ƙirji, na murza, na manna a kati. Akwai wani mutum a gefe, bai shiga ƙwan ba, sai na fitar da shi. Shi ke nan. Ai katin na marigayi ne.

Ragowar takardun kuwa shara ce, ban ma san inda suka yi ba. Ta yaya sharar Yamai za ta yi tafiyar kwana biyu ta je kasuwar Mallawa? Sai dai in a kan kurar Tabawa ta hau.

Ka kwantar da hankalinka, tsoho.

Jikarka,
Nazifa

Mallawa, 21 ga Nuwamba

Nazifa,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, ta jiki dai.

Takardarki ta zo, na karanta sau uku. Wurin da kika ce “wani mutum” na fi daɗewa. Wani mutum. Shi ya ɗauki kakanki a bayansa daga jigawa zuwa gida shekarar da maciji ya sare shi. Ran jana'iza shi ya shiga kabari ya karɓe shi, mu 'yan'uwa muna sama. Amma bari wannan, ga abin da ya faru.

Da na gama karatu na ɗauko katina na fito rana, na sa tabarau. Wata biyu ina kallon fuskar, ban taɓa kallon kafaɗa ba. Nazifa, akwai yatsu huɗu a kafaɗar Abdussalam. Yatsu kawai, ba mai su. A hoton Sambo ya dafa shi ne, ƙarfenki ya bi ta wuyan hannu. Ke nan duk takardar da kika zubar, Sambo ne tsaye da dungu, yana dafe da rami. Tabawa ba ta ƙara ko gishiri ba.

Ran kasuwa na je da kaina. Sambo ya sauko da iyalinsa, sun yi zango a arewacin gari suna jiran a saki gonaki. Na same shi a kasuwar dabbobi. Kin san uwarmu Babarbariya ce, don haka tsakanina da shi wasa ne tun muna da baƙin gemu. Bai taɓa ganina ba sai ya ce, “Kai bawa, wa ya ba ka izinin sa hula a gabana?” Ni kuma in ce ya je ya wanke ƙarnin nono tukuna. Ranar nan sai ya miƙe tsaye ya ce, “Ina kwana, Malam Manzo. Ina gajiya. Ya iyali.” Ya gaishe ni tsaf, kamar wani baƙon meri, ofishin magajin gari. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Ban kai ga buɗe baki ba babban ɗansa Tijjani ya matso. Mutum ne mai 'ya'ya biyar, ba yaro ba, kuma shanun yanzu a hannunsa suke. Ya ce wani abu ban ji ba. Na ce, “Me?” Wannan “me” ita ta kashe ni, don sai ya ɗaga murya kasuwa duka ta juyo.

“Na ce, Baba Manzo, a garinku wane irin mutum ake yanke wa hannu?”

Na ce, “Tijjani, kuskuren takarda ne.”

“Innata ce ta sayi daddawa, ta kwance ta ga mijinta. Kuskure sau nawa? Mutum bakwai sun kawo mana irinta. In kun gaji da mu ku faɗa da baki. Shekara arba'in, akuyar wa ta ɓata a hannunmu?”

Sambo kuwa yana can yana kallon ƙafar wani bijimi. Tijjani ya ce bana ran da aka saki gonaki kudu za su wuce, ko kara ɗaya na jigawa shanunsu ba za su taɓa ba.

An ce ashirin ga watan gobe za a saki gonaki. Yayana bai cika wata huɗu a ƙasa ba, ga abin da ya raya shekara arba'in zai mutu a hannuna. Ba ni da abin da zan je in faɗa musu, don ban san yadda takardun suka zo garin nan ba. Tijjani yana ganin da gangan wani na gidanmu ya baza su. Ki zauna ki tuna. Ban da dariya a wannan karon.

Manzo

Mallawa, 6 ga Disamba

Nazifa,

Gaisuwa. Asabe ba ta jin daɗi, ta daina zuwa kasuwa, abinci ma sai an matsa mata. Ta ce ba inda ke mata ciwo.

Sau biyu motar Magariya ta zo, sau biyu ina tsaye a tasha kamar mai jiran amarya. Direba ya ce ba komai. In fushi kike don na yi miki magana mai zafi, ki ajiye shi, ki yi mini bayan ashirin ga wata, zan zauna in karɓa. In kuwa katunan aurenki ne suka fi, ki faɗa in sani.

Jiya an ga Tijjani ya tafi duba rijiyoyin hanyar kudu. Mata sun daina sayen nonon Aisa matar Sambo, wai kunya suke ji, ita kuma ta ɗauka ƙi ne. Kowa ya gamu da ni sai ya ba ni labarin daddawa daga farko, da ƙarfi, kamar ni kaɗai ne ban ji ba.

Saura kwana goma sha huɗu.

Manzo

Yamai, 11 ga Disamba

Kaka,

Ina gaishe ka, ina neman gafara. Wallahi ba fushi ba ne. Takardunka biyu yau suka zo hannuna tare. Ta farkon direba ya bar ta a tasha wurin mai shayi, mai shayi ya sa ta ƙarƙashin gwangwanin sukari ya manta. A tsaye na karanta su.

Na tuna. Ni ce na aiko su. Da na jera katunan a kwali sai na ga akwai sarari, na ji tsoron furannin za su murƙushe a hanya, ka san ramukan bayan Magariya. Sai na kwashi ragowar takardun daga ƙarƙashin tebur na cusa a gefe da gefe. Ko kallonsu ban yi ba. Wanda ya buɗe kwalin nan a gida shi ya san inda suka yi. Kaka, ka ce Iya ta daina zuwa kasuwa. Ba daddawa Iya take sayarwa a kasuwa ba? Don Allah ka tambaye ta a hankali. Idonta ba ya gani, laifin nawa ne.

Akwai wata magana, ka yi haƙuri da ita. Ban ce “wani mutum” don raini ba. Kai ka aiko mini da sunayen gidaje arba'in da za a ba kati, ga takardar nan a gabana da rubutunka. Na sake bin ta yanzu da yatsa. Babu Sambo. Da na ga sunansa da na tambaya wane ne, da wataƙila na kalli gefen hoton.

Na fara yi masa babba, mai faɗin taga, su biyu a ciki. Amma mota mai zuwa ba za ta iso muku ba sai bayan ashirin. Kada ka jira ni.

Ga abin da za ka iya. Ƙarfen nan bakinsa ba ya canzawa, kuma wuri ɗaya na ɗora shi duk sau arba'in, don na yi alama a faranti. Kowane ƙwai zai shiga kowane rami daidai, ko gashi ba zai ratsa ba. Kol, wato gam, ɗigo huɗu kawai na sa a bayan hoton. In ka sa bakin reza a hankali ta ƙasa zai ɗago. Ka samu takarda mai kauri ka shimfiɗa ta baya, ka manna su tare. Na san katinka ɗaya ne. Ban san ko za su karɓa ba.

Ka rubuto ko me ya faru.

Nazifa

Mallawa, 23 ga Disamba

Nazifa, jikar yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. Gwiwa tana nan da halinta. Asabe ta ci tuwo jiya har ta nemi ƙari.

Takardarki ta zo ran sha bakwai. Zan ba ki labari bi da bi, kada ki tsallaka zuwa ƙarshe.

Na sami Asabe tana tankaɗe. Na ce, “Takardun da suka zo cikin kwalin Nazifa fa?” Rariya ta tsaya. Sai ta matso daf da kunnena, abin da ta yi shekaru ba ta yi ba.

“Malam, takarda ce mai kauri, fara tas ta baya, ba ta tsagewa. Wa zai zubar? Na ga baƙi-baƙi a ciki, na ce rubutun nasara ne.”

“Yaushe kika gane?”

“Ran da Tabawa ta tsaya a zaure. Ina bayan ƙofa.”

“Wata ɗaya da rabi, Asabe!”

“Kullum sai na ce yau zan faɗa, sai in ga fuskarka.”

Ta ɗaga katifa, ga sauran nan a jere. Ta ce ta kasa ƙona fuskar mutum mai rai, ta kasa zubarwa, sai ta yi ta kwana a kansu. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai takardar sunayen nan ta faɗo mini a rai. Na rufe bakina.

Ran sha tara da hantsi na hau kabu-kabu zuwa zangonsu, da katina a aljihu, da reza, da ƙaro da na jiƙa a 'yar kwalba, da guda cikin takardun Asabe mai tsabta. Na tarar an fara kwance bukkoki, an ɗaure tabarmi a kan jakai. Tijjani ya gan ni ya juya baya. Sambo ya yi mini irin gaisuwar nan mai sanyi, sannan ya ɗauki sandarsa ya yi gaba, na bi shi. Sai da muka yi nisa, inda in ya yi ihu shanu kaɗai za su ji, ya zauna a gindin wata aduwa.

Na faɗa masa komai: injin taliya, kwali, idon Asabe. Ya saurara har na gama. Sannan ya zaro wata takarda daga cikin hularsa, ta yi laushi, ta yi baƙin maiƙo. Tun daga inda nake na ji warin daddawa.

Ya ce, “Yanzu ni ma ka ji nawa. Aisa ta kwance ƙunshi ta yi salati. Na karɓa na ga ni ne, na yi dariya. Na ce yau Bafillace ya shiga miya. Hannun ma bai dame ni ba, wannan zafin Tijjani ne. Sai na ga ramin. Na san wanda ke cikin ramin nan. Na tambaya ina aka kai shi, aka ce an raba shi gida arba'in. Na ce to, nawa yana hanya. Na zauna ina jira, Manzo. Duk mai moto da ya nufo zango sai in miƙe.”

Na ce, “Na ga ba ka karatu ne, shi ya sa ban sa ka ba.”

Ya ce, “Sai an yi lakwal ake gane fuskar aboki?”

Na fito da katina da reza. Garin ɗagowa na tsaga fure biyu, amma ƙwan ya ɗago lafiya kamar yadda kika ce. Na shimfiɗa takarda mai tsabtar, sai ya ture ta da sanda.

“Ba wannan ba. Wadda ta zo gidana.”

Na shafa ƙaro a bangon wani tsohon littafi da na zo da shi, na kwantar da mai maiƙon, na ɗauki Abdussalam na saka a ramin. Ya zauna daram. Yatsu huɗu suka koma wuyan hannunsu. Muka zauna mu uku.

Ban san tsawon lokacin ba. Sambo ya ɗaga ta ya kai kusa da ido, ya kai nesa, ya goge hanci da gefen rawani. Sannan ya ce, da ƙarfin da ya tashi tsuntsaye daga kan aduwar:

“Kai bawa! Ko manna takarda ba ka iya ba? Dubi yadda ka shafa mini ƙaro a gemu. Wa ya ba Babarbare aikin hannu?”

Nazifa, ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar nan ba. Na ce ya gode Allah, warin daddawa ya fi wanda ya saba da shi.

Ran ashirin da la'asar shanu suka shiga jigawa. Tijjani ne ya koro su. Har yau bai gaishe ni ba, amma da kansa ya kafa turaku a wurin da ƙasa ta fi mutuwa, ba wanda ya nuna masa. Asabe ta ɗauki sauran takardun ta kai wa Aisa da hannunta, sun daɗe a bukka, ban tambayi abin da suka ce ba.

Babban da kike yi, ki aiko, amma nawa ne. Sambo ya ce shi ya samu nasa. Kan akwatina babu kowa yanzu, ba ni da wanda zan gaisar da safe. Ki bar musu taga mai faɗi, har sandarsa ta shiga.

Kakanki,
Manzo

Na manta. Jiya na je na ba Tabawa haƙuri, a bakin ƙofarta, da ƙarfi don unguwa ta ji. Ita ta fara kawo mini labarin nan na ce jaki ta gani. Bayanta na ji shi a bakin mutum ya fi ashirin, kowa da irin gishirinsa. Wanda ya ba ni shi daga ƙarshe, shi kaɗai ne ya faɗi wurin da ke ciwo, kuma shi ne wanda aka ƙunsa daddawar da shi: Sambo ɗan Hassan.